Lauyata Ta Hana Ni Magana

Orval Tidwell mai gyaran famfon rijiyar burtsatse ne a gonakin audugar da ke kewaye da Lubbock. Aiki kan kai shi inda mutum zai yi ta tuƙi bai ga ko rumfa ba. Da aka tare wani abokin sana'arsa a hanya aka ƙwace masa mota, sai Orval ya je ya yi lasisin riƙe bindiga, ya fara yawo da libarba a ƙugu, ƙarƙashin riga. A ajin lasisin ne wani mai zaƙin baki ya tallata musu kamfanin lauyoyi: kana biyan ɗan wani abu duk wata, ranar da tsautsayi ya sa ka zaro bindiga ka buga lamba ɗaya, lauya zai tsaya maka har ƙarshen shari'a. Orval bai so ba. Matarsa Nadine ce ta matsa.

"Wannan akwalar motar taka ma kana biya mata inshora, kanka ne ba za ka biya wa ba?"

Ya shiga. Shekaru suka shuɗe, bindigar ba ta taɓa huda komai ba sai gwangwanaye a bayan gida.

Wata Asabar da tsakar rana ya je shagon abincin dabbobi sayo wa awakin Nadine dusa. Yana ja da baya, gindin a-kori-kurarsa ya gogi ƙofar motar Dewey Hackler. Ya san Dewey tun yana ɗan saurayi, coci ɗaya suke zuwa. Amma tun da aka sallame shi daga aikin rijiyar mai, matarsa kuma ta kwashe yara ta tafi, Dewey ya zama mai karyawa da giya.

"Kai tsohon banza, makaho ne kai?" Dewey ya fito yana tangaɗi.

"Yi haƙuri, Dewey, laifina ne. Zan gyara maka."

"Za ka gyara! Kowa a garin nan sai ya taka ni sannan ya ce zai gyara!"

Ya zaro sifanar kwance taya daga bayan motarsa. Ya fasa fitilar Orval, ya fasa madubi, sannan ya juyo kansa. Orval ya yi ta ja da baya har ya ji bangon shagon a gadon bayansa.

"Dewey, tsaya nan! Akwai bindiga a jikina!"

"To harba mana, jarumi."

Ya ɗaga ƙarfen. Orval bai san lokacin da hannunsa ya kai ƙugu ba. Ƙara ɗaya aka ji, Dewey ya zauna daɓas a kan tsakuwa, yana kallon cikinsa kamar na wani ne.

Orval ya ajiye bindigar a ƙasa, ya tuɓe rigarsa ya danne ramin da ita. Mai shago ya kira motar asibiti. Da ɗaya hannun Orval ya lalubo lambar lauyoyin nan a wayarsa. Muryar mace ta amsa, a natse.

"Sunana Barista Marisela Ybarra. Malam Orval, saurare ni da kyau. In 'yan sanda sun zo, ka ce ka ji tsoron rasa ranka, kuma kana jiran lauyarka. Daga nan ka kama bakinka. Kada ka ce wa kowa ka yi nadama, kada ka ba kowa haƙuri. Ko shi wanda aka harba."

A daidai lokacin Dewey ya ɗago ido. Mayen ya sake shi gaba ɗaya.

"Orval, da gaske harbi na ka yi?"

Orval ya buɗe baki. Muryar da ke kunnensa ta ce, "Kana ji na? Ko kalma ɗaya." Ya rufe bakin.

"Karena na cikin mota," in ji Dewey. "Buɗe masa, zafi zai kashe shi. Ka ce wa Mama ta ba shi ruwa."

Bai sake cewa komai ba har aka ɗauke shi. Bayan 'yan kwanaki ya cika a asibiti.

Barista Ybarra ta san aikinta, babu mai musun wannan. Kafin 'yan sanda su gama rubuta sunan Orval ta iso ofishinsu, gajeriyar mace da gilashi rataye a wuya. Ta sa aka karɓo hoton bidiyon kyamarar shagon, ta zauna da shaidu tun maganar ba ta fara sauya kama a bakinsu ba. Orval bai kwana a tsare ba. Da ta raka shi mota ta kafa masa sharuɗɗa.

"Ba zuwa asibiti, ba waya, ba saƙo ta bakin fasto. In ya mutu, ba ka ba jana'iza."

"Barista, uwarsa ce ta koya wa 'ya'yana karatun coci. Kujerarta na gaban tamu."

"To ku sauya coci. Na ga mutanen kirki irinka da kalmar 'yi haƙuri' ta kai su gidan yari. Mai gabatar da ƙara ba zai ji ta'aziyya ba, amsa laifi zai ji."

Ranar da aka binne Dewey, Orval yana cikin wata gona yana kwance famfon da lafiyarsa ƙalau, don kawai hannunsa ya sami abin yi. Daga inda yake yana hango jerin motoci a kan titi da fitilu a kunne. Ya cire hula, ya rasa yadda zai yi da ita, ya mayar.

Abin da ya fi cin ransa shi ne masu yaba masa. In ya shiga gidan shan kofi da safe, sai teburin manoma ya ɗauka.

"Ga sarkin yaƙi nan! A matsa masa kujera, kada ya zaro!"

"Orval, wane kamfani ne naka? Ni ma zan shiga. An ce lauyar taka wuta ce."

Wani har ya biya masa kuɗin ƙwai da soyayyen dankali. Orval ya kasa haɗiye ko loma ɗaya. Daga ranar ya koma shan kofinsa a cikin mota. Abinci ya daina shigarsa, wandunansa suka fara zamewa. In ya riƙe sifana a wurin aiki sai ya tsaya yana jin nauyinta, yana tambayar kansa ko da ya kauce gefe da ƙarfen bango zai sama. Ba shi da wanda zai yi wa wannan tambayar. Barista ta hana shi tattauna ranar da kowa, har da fasto.

Wata ranar Talata da hantsi, yana falo, ya ji mota ta tsaya. Ta ƙofar raga ya hango Mama Opal Hackler tana hawo matakala da sandarta, sanye da rigar zuwa coci. Nadine ta riga shi isa ƙofar, ta dafa ta, ba ta buɗe ba.

"Sannu da zuwa, Mama Opal."

"Yauwa, Nadine. Ba faɗa ya kawo ni ba." Ta leƙo ta kafaɗarta. "Orval, ɗana, na ga hoton. Na san abin da Dewey ya yi, ni na haife shi. Abu ɗaya nake so. A hoton na ga bakinsa yana motsi. A asibiti bai farka ba. Kai kaɗai ka ji maganarsa ta ƙarshe. Me ya ce?"

Maganar tana bakin Orval, ba ta da tsawo. Nadine ta juyo ta dube shi, idonta cike da roƙo. Sun riga sun ji cewa Royce, yayan Dewey da ke Dallas, ya ɗauki lauya yana neman hanyar kai ƙarar diyya.

"Mama," in ji Orval, muryarsa kamar ta wani, "lauyata ta hana ni magana."

Tsohuwar ta dube shi ta cikin ragar.

"Lauyarka," ta ce. "To, Allah ya ba ka sa'a."

Ta sauka a hankali, ba wanda ya kama mata hannu. Da motar ta tafi Orval ya juya kan matarsa.

"Ko kujera ba mu ba ta ba, Nadine."

"Kana so in zauna ni kaɗai a gidan nan kana can kurkuku? Ko su karɓe gidan? Ni ma kuka nake yi, Baban Carla, ba ka gani ne kawai."

Da kaka ta shigo, ana tsakiyar cirar auduga, mutanen gari da kotu ke tarawa don su duba ko za a gurfanar da mutum suka zauna kan maganar. Suka kalli hoton, suka ce babu laifin da za a tuhume shi da shi. Barista Ybarra ta bugo da kanta.

"Ka fita, Malam Orval. Amma ba a gama ba. Royce na da sauran lokacin kai ƙarar diyya. Doka na bayanka, kamfani kuma zai tsaya maka a nan ma, in dai ka ci gaba da yin shiru."

"Har yaushe?"

"Shekara biyu daga ranar."

"Matar nan ta haura tamanin, Barista."

"Na sani. Ni kai nake karewa."

Ya yi mata godiya. Washegari ya ce wa Nadine zai duba wani famfo, ya ɗauki hanyar gidan Mama Opal. Ya same ta a baranda tana ɓarar gyaɗar pikan a cikin kwano. Karen Dewey na kwance a ƙafarta, ya ɗago kai ya yi gurnani. Orval ya tsaya a ƙasan matakala da hula a hannu. Ba ta ce ya hau ba.

Ya faɗa mata duka. Tambayar da Dewey ya yi masa, da yadda ya yi shiru saboda waya na kunnensa, da maganar kare da ruwa. Bai tsaya nan ba. Ya ce kullum yana tunanin ko da ya kauce, ko da ya ruga cikin shagon. Ya ce ya yi nadama, ya sake cewa ya yi nadama.

Hannun Mama Opal ya tsaya a cikin kwanon.

"Ya ce Mama? Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

Ta rufe fuska da gefen rigarta. Da ta sauke, idonta a bushe yake.

"Ya tambaye ka, ka ƙi amsa masa. Yana kwance a ƙasa."

"Haka ne, Mama."

"Harbin zan iya kai wa gaban Ubangiji in ce tsoro ne. Wannan ban san inda zan kai shi ba tukuna." Ta koma kan ɓararta. "Na gode da ka zo. Tafi gida, Orval."

Ba ta yi niyyar cutar da shi ba. Da Royce ya bugo mata ranar Lahadi, ta ba shi labari tana kuka, don ya ji cewa ƙaninsa ya ambace ta. Royce kuwa abin da ya riƙe shi ne "ko da na kauce". Kafin Kirsimeti sammaci ya iso gidan Tidwell.

Barista Ybarra ta kira su ofishinta. Ta cire gilashin ta ajiye, ta daɗe tana murza goshi.

"Kalmar da na roƙe ka kada ka furta, ita ka je har gida ka kai musu."

"Na sani."

"Kamfani ya so ya janye, sun ce ka karya sharaɗi. Na yi rigima da su, za mu ci gaba. Ina ganin za mu yi nasara, amma za a ja. Kuma ka sani, dole in sa tsohuwar nan a gaba in yi mata tambayoyi, in nuna ba ta riƙe magana daidai. Ba zan ji daɗi ba, amma zan yi."

"Kada ki yi mata haka. Abin da ta faɗa, haka na faɗa."

"To me kake so in kare ka da shi?"

Nadine ta tashi ta fita, ta bar jakarta a kan kujera.

Shari'ar ta ci fiye da shekara. Orval bai yarda a taɓa Mama Opal ba, ya tsaya gaban alƙali ya maimaita maganarsa da kansa, Barista kuma ta dogara ga hoton. A ƙarshe aka kori ƙarar. Mama Opal ba ta ga ƙarshen ba, Royce ya riga ya ɗauke ta zuwa Dallas bayan ta faɗi a banɗaki, can ta rasu. Manoma da yawa sun daina kiran Orval aiki, wasu don ya kashe ɗan gari, wasu don a ganinsu ya yi wauta da ya je ba da haƙuri. Shi da Nadine suka sayar da awakin, suka koma kusa da 'yarsu Carla a Abilene, inda ya sami aikin jera kaya a wani shagon kayan famfo.