Ɗigon da Kawu Ya Ƙara

Tabo ɗaya ne tak a gefen teburin sunukar, inda wani marar hankali ya ajiye kofin shayi mai zafi har folish ya tashi. Mai Sunuka ya so kiran wani kafinta daga nesa, amma yaya zai yi da Kawu? Kawu kafinta ne, shi ya rene shi, kuma shagonsa na kallon nasa.

"Wurin nan kaɗai, Kawu. Don Allah kada a taɓa sauran."

"Kai za ka koya mini katako?"

Da aka yaye zanen da aka rufe teburin da shi, Mai Sunuka ya matso ya duba aikin. Tabon ya tafi, gaskiya. Amma Kawu ya bi gefe huɗun duka da sanfefa, ya shafe su da folish ja wur kamar ƙofar gidan amarya. Fararen ɗigon nan da ke jere a kan katakon, waɗanda 'yan wasa ke auna bugu da su idan za su daki bangon teburin ƙwallo ta dawo, duk sun bi sanfefa. Kawu ya mayar da su da farin fenti, da ido kawai.

"Na ga sun yi tazara da yawa," in ji Kawu yana goge hannu, "sai na ƙara maka bibbiyu a kowane gefe. Ado ne ai."

Mai Sunuka ya buɗe baki, ya dubi furfurar Kawu, ya rufe.

Dogo ne ya fara gane ɓarnar. Dogo kuwa shi ne kasuwar shagon, don kallon bugunsa ake cika benci. Ya duƙa, ya auna da ɗigo kamar kullum, ya saki sanda. Ƙwallo ta wuce rami ta kama gabanta. Ya sake, ta sake. 'Yan kallo suka kwashe da dariya.

"Wa ya taɓa teburin nan?" in ji Dogo.

"Ka yi haƙuri, za a gyara."

"Ka ce a kankare, ko in nemi wani wuri."

Mai Sunuka ya tsallaka shagon Kawu da niyyar faɗa masa. Ya tarar da shi yana nuna wa abokansa hoton teburin a waya, bakinsa har kunne. Ya gaishe su, ya juyo yana zagin kansa.

Dogo ya koma shagon bayan tasha, benci ya bi shi.

Wata rana Kawu ya leƙo. Ya zagaya teburin, ya shafa katakon a hankali, ya duƙa ya duba shi ta hasken ƙofa.

"Ka gani ko, ɗana? Tun da na gyara shi ko ƙwarzane ɗaya bai yi ba."

Mai Sunuka ya dubi sandunan da ke jere a bango, ƙura ta hau su.

"Haka ne, Kawu," ya ce. "Ko ɗaya."