Gurbin Sauya Hannu

Farfesa Bhalerao ya sake ƙirga gaɓoɓin a yatsunsa, ya girgiza kai.

"Biyu sun faɗi," ya ce. "A kowane baiti na uku. Mantuwar tsufa ce."

Shalaka ta dubi agogo. Ƙarfe huɗu madaba'ar Pune za ta karɓi littafin, kuma Bhalerao, editansa, ya rantse waƙar kakarta Yamunabai ba za ta shiga da gurguwar ƙafa ba. Shi ya sa ta jawo shi har Pandharpur, garin kakar.

Ya yaba waƙar, ba laifi. Ɗango uku masu amsa-amo ɗaya, na huɗu gajere kamar ajiyar zuciya. Mace ce a gidan miji take kiran abin bautarta Vitthal "uwata", tana tambayarsa yaushe zai aiko a ɗauke ta. Kewa ce, in ji shi, amma ba kuka a ciki. Gurbin kawai ya cike da kalmominsa.

Yamunabai ta saurari gyaran tana taunar goron ganye.

"Wannan mutumin naki ya taɓa niƙa?"

"Kaka, farfesa ne."

"Na gani. Hannu kamar na jariri. Kawo dutsen."

Shalaka ta gangaro da dutsen niƙa mai juyawa, ta zuba dawa. Bhalerao ya naɗe hannun riga ya zauna, ya kama mariƙin, yana juyawa yana rera nasa gyaran. Baiti na farko ya tafi daidai. Na biyu ma. A na uku damtsensa ya gaji, ya kai hagu zai karɓi dama, dutsen ya tsaya, kalmominsa biyu suka wuce su kaɗai.

Tsohuwar ta ture shi. Ta rera, dutsen na bin muryarta. Da ta zo gurbin sai ta yi shiru, hannu ya karɓi hannu, waƙar ta ci gaba ba tuntuɓe.

"Nan ake sauya hannu," ta ce. "Kuma nan nake bar wa Vitthal ya amsa. Ka toshe masa baki, da wa zan yi hira?"

Bhalerao ya ɗauko takardar gyaran. Sannan ya soke kalmominsa.

"Kira madaba'a. A bar wurin fari."

Ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Ina za ka?" in ji Yamunabai. "Dawar ba ta ƙare ba."