Jirgin Batir da Haƙorin Yaya Kalervo

A tsibirinmu akwai wasu makonni da teku yake raina wa kowa hankali. Ƙanƙarar da ta rufe shi ta yi laushi, ba ta ɗaukar mota, ba ta ma ɗaukar mutum, amma ba ta narke yadda kwalekwale zai ratsa ba. A da sai dai mu zauna muna cin dankali muna kallon juna. Yanzu kuwa muna da Fanka, tasin sama mai aiki da batir, wanda muka raɗa wa sunan saboda fankokin da ke jere a kansa. Yana tashi tsaye cak daga filin bayan shago, ya kai fasinja birnin Turku, ya dawo mana da wasiƙu da madara da magani.

A cikin Fankan nan Sirkka ta bar mu ranar Juma'a. 'Yarta ta matsa mata ta koma birnin Stockholm, can ƙetaren teku, da zama, kuma jirgin ruwan da zai kai ta zai bar Turku ranar Asabar da ƙarfe takwas na yamma.

Yayana Kalervo yana son Sirkka tun suna firamare. Bai taɓa faɗa ba. Ta gaji da jira ta auri wani, mijin ya rayu abin da Allah Ya nufa ya rasu, Yaya bai ce uffan ba. Sai dai kullum da safe ya je ya share mata dusar ƙanƙara daga ƙofa, ya faskara mata itace, ya sha kofi a tsaye, ya dawo. Ranar Juma'ar shi ya ɗaukar mata akwati har bakin jirgi. Ina tsaye ina jin abin da ya ce mata na bankwana: wai da alama iska za ta lafa. Na ji kamar in kwaɗa masa takalmi.

Ranar Asabar da rana muna cin abinci, sai ya ajiye cokali ya tambaye ni ina kwat ɗinsa. Kwat ɗin da rabonsa da shi tun jana'izar mahaifiyarmu. Na tashi na jona dutsen guga. Ya yi aski ya yanke haɓa, ya naɗe bandar kifi a takarda, shi ne tsarabarsa. Muna can ƙarshen tsibiri muna fama da maɓallin da ya ƙi shiga, ba mu ma ji saukar Fanka ba, don abin ba ya ƙara sai ɗan huci.

Muka isa filin muka tarar da matuƙiyar, Vilja, tsaye gaban akwatin caji ta riƙe ƙugu. Baƙuwa ce, makonta biyu kacal a hanyar nan. Ta ce ta zo da fasinja ɗaya da kaya mai nauyi, ga iska ta gaba, batir ya kusa ƙarewa. Ta jona shi, amma wutar tana shiga kamar ana ɗiga magani a ido. Idan aka tafi a haka, in ji ta, ba za ta tashi ba sai bayan tara. Ta tambaye mu ko wani abu ya lalace a garin ne.

Babu abin da ya lalace. Asabar ce, ƙarfe biyar. Waya ɗaya tak ce ta biyo ƙarƙashin teku take kawo mana wuta, kuma a daidai lokacin kowane gida ya kunna murhun sauna, wato ɗakin wankan tururi, duwatsu suna ɗaukar zafi, kowa ya tanadi tawul zai shiga ya zauna ya yi gumin mako. Injiniyoyin kamfanin sun auna iska, sun auna sanyi, sun auna har nauyin jakar wasiƙu, amma ba wanda ya tambaye mu abin da muke yi ranar Asabar.

Vilja ta ce ai da sauƙi, a ce wa mutane su kashe na awa ɗaya. Na dube ta da tausayi. Ka ce wa ɗan tsibirin nan ya ba ka kwalekwalensa, zai ba ka. Amma sauna ranar Asabar?

Yaya ya zauna kan benci da kifinsa a cinya, ya ce shi ke nan, a bar shi. Nan raina ya ɓaci. Na ce masa ban goge kwat ɗin nan a banza ba, gida-gida zan bi. Ya kama hannun rigata ya ce in rantse ba zan faɗi dalili ba. Na rantse, na hau keke.

Abin da ya zo min baki shi ne haƙori. Na ce wa kowa Yaya yana da ciwon haƙori mai tsanani, likita yana jiran sa a Turku. Raili mai shago ta buɗe ƙofa da kumfa a kai, yara uku a bayanta ɗaure da tawul. Ta saurare ni, ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta rufe, ta juya ta kashe. Gidan fasto ma haka. Fasto ya kalli matarsa, matar ta kalli silin, aka kashe. Na yi mamakin sauƙin abin, har na fara jin ashe ni ma na iya ƙarya.

Baba Aulis ne kawai ya tsayar da ni. Tsoho ne mai taurin kai, wanda ko ranar da matarsa take naƙuda sai da ya gama guminsa. Ya tambaye ni wane haƙori ne. Na ce na can ciki.

“Wannan haƙorin,” in ji shi, “tun yana aji uku yake damun sa.”

Ya sa hannu ya kashe, ya zura takalman roba, ya ce zai raka ni ya ga lafiyar mara lafiya.

Kafin in dawo filin, rabin tsibiri ya riga ni. Mutane tsaye cikin rigunan wanka da hulunan sanyi, sun bar tazara tsakaninsu yadda aka saba, ba mai magana, kowa ya zuba wa allon caji ido. Lambar tana hawa yanzu, amma Vilja ta girgiza kai. Ta ce an kusa, sai dai har yanzu akwai inda ake jan wuta, kuma ita ba ta tashi da batir mai shakka ko don haƙorin shugaban ƙasa. Idan aka kashe wancan ma, za su isa tashar jirgin ruwa da ƙyar.

Yaya ne ya fara hango shi. Can gefen tudu, tagar saunar gidan Sirkka tana haske, gilashin ya yi gumi. Ya ce Tarmo ne, ɗan ƙanenta da ta bar wa makulli, malalacin da ko kwana ɗaya bai bari gidan ya huta ba. Tun da nake ban taɓa ganin Yaya yana gudu ba sai ranar. Na bi shi, jama'a suka biyo mu a hankali, wai su iska suke sha.

Ya buga ƙofar saunar, ya ce Tarmo ya kashe. Shiru, sai ƙarar ruwa da aka watsa kan duwatsu. Ya sake bugawa. Aka sake watsa ruwa. Ya dubi agogo, ya dube ni, sai na ga wuyansa ya yi ja.

“Tarmo, don Allah ka kashe abin nan. Ba haƙori ba ne. Sirkka zan bi. Jirginta zai tashi ƙarfe takwas, kuma idan ta tafi ban san abin da zan yi da safiya ba. Na ƙyale ta sau ɗaya ta auri wani ina kallo. Zan je in ce mata kada ta tafi, ta zauna, in ta yarda ta aure ni. Ka kashe, yaro, in je in faɗa kafin in manta yadda na tsara shi.”

Duk rayuwarsa ban taɓa jin ya jera magana haka ba. Hawaye ya cika min ido, ba na ɓoyewa.

Muryar da ta amsa daga ciki ba ta Tarmo ba ce.

“Ba zan kashe ba,” in ji Sirkka. “Yanzu ya yi zafi.”

Na juya na dubi jama'a. Kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Ashe ita ce fasinjar da nauyin akwatinta ya cinye batirin. Ta sauka ƙarfe huɗu da rabi, ta ja akwatin ta gaban shago, ta gaban coci, ta gaban ƙofar Baba Aulis, har ta ɗaga masa hannu. Na damƙi tsohon na tambaye shi me ya sa ya bar ni ina yawo da keke ina zuba ƙarya. Ya ce ban tambaye shi ba, kuma shi ba ya shiga harkar mutane. Raili ta ce ita ta so ta faɗa, amma ta ga an goge kwat.

Yaya kuwa ya daskare a bakin ƙofa, kifi a hammata. Da ƙyar ya tambayi katakon ƙofar me ya dawo da ita. Ta ce ta je har tashar da safe ta ga jirgin, sai ta tuna yau Asabar, kuma gidan 'yarta babu sauna. Ya gyaɗa kai kamar an ba shi hujjar da ba a ja da ita.

Vilja ta iso tana haki, ta ce duk da ba a kashe wannan ba batir ya kai, fasinja ya zo yanzu ko ta tafi da jakar wasiƙu kawai. Na ce mata ta tafi, haƙorin ya warke. Ba wanda ya juya ya kalli tashin Fanka.

Sai Sirkka ta sake magana, a hankali wannan karon.

“Kalervo, kana nan?”

“Ina nan.”

“Abin da ka faɗa ɗazu, Tarmo ka faɗa wa. Ni ban ji komai ba.”

Ya waiwayo. Fasto yana nan, Raili da yaranta suna nan, Baba Aulis ya samu kututture ya zauna. Ba wanda ya motsa, ni ma ban kore su ba, don sun biya da guminsu. Yaya ya miƙo min kifin, ya cire hula, ya gyara maɓallin da muka sha wahalarsa. Ya matsa har goshinsa ya kusa taɓa ƙofar.

“Sirkka,” ya ce, “kada ki tafi.”