Jirgin Kafanchan Bai Bushe Ba

"A'a, a'a, Fulera. Kin sake lanƙwasawa. Layi na ce, ba fure ba."

Fulera ta ɗaga burushin daga jikin ɗan jirgin, ta dubi abin da ta zana. Gaskiyarsa ce. Layin ruwan ɗorawar ya taho a miƙe, sai daga ƙarshe ya yi ɗan wutsiya. Sana'arta kenan, lallen amare a wani shago da ke unguwar Rye Lane, nan ƙasar Turawa, hannun ya saba da lanƙwasa.

"Kin mai da mini jirgi amarya," in ji Baba Davou daga kan gado. Ya so ya yi dariya, tari ya karɓe.

Ƙofarsa na kallon tata a bene na uku. Tsoho ne mutumin Bukuru, ba mata, ba ɗa. Tun da ya bar aikin tuƙin bas yake bin kasuwannin gwanjo yana sayen tsofaffin jiragen ƙasa na wasan yara, na kwano, waɗanda ake murɗa wa makulli. Sai ya kankare fentin Turawa, ya shafa musu kore da ruwan ɗorawa irin na jiragen gida. Sun cika masa kanta har saman firij. Fulera ba ta taɓa barin 'yarta Mufeeda ta shiga ɗakin ba, don ta ji tsohon fenti akwai dalma a ciki. Bai ji haushi ba. A bakin ƙofa yake tsugunawa ya nuna wa yarinyar daga nesa.

Wannan na hannunta shi ne na ƙarshe. Ya ce irinsa mahaifinsa ya tuƙa tsakanin Kafanchan da Jos, ya daɗe yana nema. Da ya samu kuma sai ciwo ya riga shi, hannu ya kama rawa. So yake ya ga an gama shi yana gudu a kan dogo.

Ta goge wutsiyar, ta riƙe numfashi, ta ja layin har ƙarshe.

"Yauwa, 'yar Kumasi. Yanzu ki ajiye shi a taga. Kada kowa ya taɓa sai jibi."

"Jibi, Baba? In kawo dryer ta gashi mana, yanzu zai bushe."

"Ki ƙona mini shi? Zai yi ƙuraje. Wannan fentin da kansa yake bushewa."

A kicin ɗinsa, Scholastica, nas ɗin da ke zuwa duba shi, tana wanke kofi. 'Yar Pankshin ce, tana kiransa Baba kamar kowa. Ta rage murya.

"Maman Mufeeda, kada ki sa rai da jibin nan. Na yi calling likita. Ko ruwa ya daina karɓa."

Washegari Fulera ta kai Mufeeda nursery, ta dawo ta shiga ɗakinsa ko mayafi ba ta cire ba. An ɗage labule, rana ta sauka a kan bargo. Baba Davou ya ƙanƙance a cikin gadon, numfashinsa na fita da ƙyar, yana tsayawa, yana dawowa. Scholastica na zaune a gefensa tana jiƙa masa leɓe da auduga.

Fulera ta nufi taga. Ta kai bakin farce can ƙasan jirgin, inda ba a gani. Fentin ya kama farcen.

Ta tsaya. Aikin da ya fi so a duniya kenan, kuma ya ce kada a taɓa. Ba yadda za a murɗa makullin sai an damƙe jikin jirgin da hannu ɗaya. Ta waiwaya ta dubi ƙirjinsa. Ta jira ya ɗaga. Sai da ta fara tsorata sannan ya ɗaga.

"Sister, janyo mini teburin nan kusa da shi."

Ta harhaɗa guntayen dogon suka yi da'ira, yadda ta sha ganin yana yi. Sannan ta ce bismillah, ta kama jirgin. Ta ji fentin ya narke a ƙarƙashin yatsunta, sanyi-sanyi. Ta murɗa makullin har ya ƙi gaba, ta ɗora, ta saki.

Ƙara ta cika ɗakin, kacau-kacau-kacau. Kofin da ke kan teburin ya shiga rawa.

Baba Davou ya buɗe ido. Da farko silin yake kallo, sannan idon ya gangaro, ya sami jirgin, ya bi shi. Ya zagaya, ya bi shi. Leɓensa ya motsa, Fulera ta sunkuya.

"Kin taɓa."

"Na taɓa, Baba. Ka yi haƙuri."

"Taurin kai." Idonsa na kan dogo. "Yana gudu kuwa."

"Yana gudu."

"Ƙara masa."

Ta ƙara. Duk lokacin da ya tsaya sai ta damƙe shi ta murɗa, koren na barin jikin jirgin yana komawa tafin hannunta, layin da ta sha wuya a kansa ya dame. Shi kuwa idonsa bai bar jirgin ba. Da lokacin ɗauko Mufeeda ya yi, ta ce masa yanzu za ta dawo. Ya lumshe ido.

Ta dawo ta tarar da Scholastica a tsaye a bakin ƙofa, ta cire safar hannu. Ba sai an faɗa ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Fulera a hankali. Scholastica ta yi alamar gicciye, suka riƙe juna a nan kan barandar.

Mufeeda ta ja mata zane. "Mummy, carry me."

"Tsaya, uwata. Bari in wanke hannu tukuna."

Ta shiga nata kicin, ta buɗe famfo, ta sa sabulu ta cuɗa, ta sake cuɗawa. Ruwan na gangarowa fari tas. Koren bai motsa ba. Ta bar famfon yana zuba, ta tsaya tana kallon tafin hannunta, yarinyar kuma ta jingina da ƙafarta tana jira.