Inda S Ya Kamata Ya Tsaya

Halldis Myklebust ta ɗaga gefen ƙyallen da aka lulluɓe allon da shi, don kawai ta ga ko an rubuta sunan mijinta daidai. An rubuta shi daidai. Abin da ke samansa ne ya sa ta ajiye tiren waina a kan benci, ta laluba jaka ta fiddo tabarau.

Saura sa'a biyu a buɗe sabon zauren taron ƙauyenmu. Guguwar hunturu ce ta ɗauke rufin tsohon ta jefa shi a teku, mutane kuma suka sake ginawa da aikin gayya, bazara biyu a jere. Allon na ɗauke da sunayen mutum goma sha ɗaya da suka fi kowa shan wahala. Na farko shi ne Oddvar, mijin Halldis, wanda ya rasu kafin a shafa fenti. Katakon allon ma mazaunin kwalekwalensa ne, ita ta bayar, aka kafa shi a tsaye, shi ya sa ba shi da faɗi. A can sama, da haruffan tagulla, an raba kan maganar gida biyu:

BIDRAG-
SYTERE

Halldis ta yi shekara talatin da takwas tana akawu a ofishin ƙaramar hukuma, ba a taɓa dawo mata da takardar da ta buga ba. Kallo ɗaya ya ishe ta. Kalmomi biyu ne na harshenmu aka haɗa, kamar yadda muke haɗa kusan komai a ƙasar nan: bidrag, gudummawa, da ytere, masu bayarwa. S ɗin da ke tsakani ƙulli ne kawai, kuma kalmar farko yake bi. A baki bidrags ake cewa, a ɗan saki numfashi, sannan a ce ytere. Idan S ya zame ƙasa ya manne wa ta biyu, sai ta koma sytere, wato masu mita. Allon dai yana miƙa godiyar ƙauye ne ga masu mitar gudummawa.

Da sunan wani ne a saman jerin, da an yi dariya an wuce. Amma Oddvar ya yi mitar ƙusa, ya yi mitar kofi, ya yi mitar ruwan sama, ranar da aka yi rana kuma ya yi mitar cewa katako zai tsage. Duk da haka shi ne farkon zuwa kowace safiya. Babu wanda zai yarda kuskure ne, kuma tagulla ba ta ruɓewa.

Torleif kafinta, wanda ya kafa haruffan, yana kan tsani yana ɗaura tuta. Ajinsu ɗaya da Halldis tun firamare, tun lokacin kuma take gyara masa rubutu.

"Torleif, sauko."

"Ranki ya daɗe, akawu. Wane waƙafin ne ya gudu yau?"

Ta ɗaga ƙyallen ta ce ya karanta. Ya karanta daidai, yadda bakinsa ya saba tun yana yaro.

"Ba abin da ke kanka na ce ka karanta ba. Karanta abin da ke jikin katako."

Ya sake dubawa. Kunnuwansa suka yi ja, sannan kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. Da ya samu numfashi sai ya ce, "To, Halldis, ai ba ƙarya muka yi masa ba."

Ba ta yi dariya ba. Ya yi bayani cewa shi da awo ya yi aiki, ba da nahawu ba: gurbi bakwai layin yake ɗauka, ya ƙirga bakwai, katako ya ƙare, shi ma ya tsaya. Eldbjørg, shugabar kwamitin ginin, ta iso da furanni a hannu, ta saurara, ta kawo shawarar a bari sai Litinin tunda babu mai karanta kan magana.

"Ni na karanta," in ji Halldis.

Sai Eldbjørg ta ce to a cire karan ɗorin, a sa S a gurbinsa, magana ta ƙare. Halldis ta dube ta kamar yadda take duban allunan kantuna masu kuskuren rubutu. Ta ce in babu karan ɗori, kalmar ta tsinke ta zama biyu, kuma ita ba ta kwashe rayuwarta tana haɗa kalmomin da jahilci ya raba ba don ta zo ta raba ɗaya a kan sunan mijinta.

Daga jakarta ta fiddo tsohuwar rular ƙarfe ta ofis, wadda ta manta ta mayar ranar da ta yi ritaya, shekara tara ke nan. Ta auna S, ta auna karan ɗorin, ta auna ɗan filin da ya rage a bakin katako. Idan aka yanke rabin karan ɗorin, duka biyun za su shiga.

Torleif ya ce guntun kara zai yi muni, kamar wutsiyar akuya.

"Nuna mini dokar da ta faɗi tsawonsa."

Bai san wata doka ba. Ya ɗauko filaya da zarto da magagari, ya zare S daga ƙasa, ya yanke karan, ya goge bakinsa. Tun daga farko har ƙarshe yana gunaguni a kan tagullar zamani, da bayansa, da matan da suka yi makaranta fiye da kima. Halldis ta riƙe masa ƙusoshi, ta tuna masa a hankali cewa shi ne na huɗu a jerin. Aka gama saura minti goma.

Da ƙarfe goma sha biyu aka janye ƙyallen. Ita aka ba ta karanta sunayen. Ta tsaya cak cikin baƙar rigarta ta coci, ta ce bidrags, ta yi shiru har na tsawon da za a iya zuba kofi a cikinsa, sannan ta ce ytere. Ta kira sunan Oddvar Myklebust kamar yadda take kiran sunayen manya a zaman majalisa, ba sauri, ba rawar murya. Aka tafa. Babu wanda ya lura da komai, wannan kuwa shi ne ladan akawu tun fil azal.

Bayan an watse zuwa teburin waina da jan cuku, Torleif ya dawo da ɗan gwangwanin liƙin katako. A layin ƙasa, hagu da Y, ƙananan huda biyu suna nan inda S ya zauna da safe.

"Bari in toshe su, kada ki kasa cin abinci."

"Bar su."

"Ke? Ke da kika taɓa mayar wa likita takardar magani saboda ɗigo?"

Halldis ta sa ɗan yatsa a kan hudar ta sama, sannan ta ƙasa.

"Layin sama na ƙauye ne," ta ce. "Wannan nawa ne. Shekara arba'in da ɗaya na zauna da Oddvar da mitarsa."

Ta ɗauki tirenta. A bakin fita ta tura ƙofar, ta sake jawo ta, ta sanar da Torleif cewa a karkace aka rataya ta.