Hular da Baba Issahaku Ya Mayar Mini

Har gobe in na wuce shagon Mahamudu sai na ji zuciyata ta tafasa. Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama ya buɗe shi a bakin kasuwar Tamale, da kujera da madubi da wani ɗan inji mai cizon gashi kamar fara a gonar gero. Wai shi ne askin zamani. Ba hira, ba addu'a, ka zauna a sassabe ka, na gaba ya hau.

Mu kuwa wanzamin gidanmu Baba Issahaku ne. Tabarma yake shimfiɗawa a gindin darbejiya a unguwar Changli, ya buɗe zabirarsa, ya wasa aska a tafin hannu. Shi ya yi mini askin suna, kuma tun daga ranar babu hannun da ya taɓa kaina sai nasa.

Sai shaiɗan ya zuga ni. Na samu aikin masinja a ofishin Turawa, akawuna suna ta tsokanata wai kaina tal kamar ƙwarya. Na bar gashi ya toho, na je wurin Mahamudu sau ɗaya tak, ya bar mini gashi a sama har da tsaga. Kwana uku bayan nan matata Salimatu ta haihu, namiji, ɗanmu na fari.

Burina a duniya hannun da ya aske ni ya aske ɗana. Na kafa hula har kunne, na je na gaya wa Baba, ya yi murna har da rungumata. Abin da na manta shi ne, a gidanmu uba ake fara askewa ranar suna, sannan jariri.

Ranar suna da safe ƙofar gida ta cika. Baba ya jiƙa sabulu, ya ce in matso. Na ce mura nake yi. Bai ko saurare ni ba, ya cire hular da kansa. Ya daɗe yana kallon tsagar nan, ya shafa ta da yatsa.

"Sumaila, wane ne ya yi wannan aiki?"

Kowa ya san amsar.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya karɓi jaririn, ya aske shi tsaf, ya tofa masa addu'a. Sannan ya kakkaɓe hulata, ya ɗora mini a ka, ya gyara mata zama.

"Yaron nawa ne," in ji shi. "Kai ka riga ka samu wanzami."

Sau biyu ina aika dattawa su ba shi haƙuri, ya ce ba ya sa aska a bayan inji. Kafin damina ta kewayo ya rasu.

Yanzu duk Juma'a kujerar Mahamudu nake hawa, don babu wani wuri. Kuma dole in buɗe ido in kalli wawan da ke cikin madubin har a gama.