Ƙanƙara a Naman Auta

Ƙaramar kula. Ledar ruwan sanyi biyu. Takardar likita. Kwalba ɗaya kamar ɗan yatsa, a cikinta tsokar ƙodar Auta, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Tun da mota ta tashi kular tana kan cinyata. Umma ce ta haɗa min ita da asuba.

Auta ƙanwata ce, shekararta sha huɗu. Wata biyar tana kumbura, fitsarinta na kumfa. Ranar da aka soka mata allura aka ɗebo naman, kwana biyu tana zubar da jini. Likita ya ce ba ya fatan a sake.

Aikina awo ne a asibiti, don haka ni na fara duba rabin naman a madubin likita namu. Fitila a ƙasa, haske ya ratsa gilashi, ya bi ta tabarau ya iso ido. Na juya zuwa tabarau mafi ƙarfi, na ɗiga mai. Ban ga komai ba. Haske yana da iyaka, ciwon kuma ya fi ƙarfin iyakar. Cuta biyu likita ke zargi, maganin ɗaya zai illata ta idan ɗayar ce. Sai babban madubi mai aiki da ilektaron maimakon haske zai raba gardama. Wajensa na nufa da sauran rabin naman, a wani gari.

Mai kula da shi wani dattijo ne da ake kira Dogo. Kwana huɗu ya yi yana shirya naman: ya tsane ruwansa, ya daskarar da shi cikin roba, ya yanka da wuƙar lu'ulu'u, ya ɗora a wata 'yar rariyar tagulla.

Ɗakin babu taga. Injin ya fi ni tsawo, famfonsa na gurnani yana zuƙe iskar ciki.

"Kun saba da na wasan yara," in ji Dogo. "Nan babu gilashi. Waya ce can sama, in ta yi zafi ta feso ilektaron, maganaɗisu ya lanƙwaso su su ratsa naman. Kashe fitila."

Allon injin ya kawo kore. Ya murɗa, ya matsa gefe, ya sake murɗawa. Ramuka ne ko'ina, kamar tsumman da gara ta ci.

"Wa ya sa maka wannan a firiza?"

"Ba kowa, Malam. Da hannuna na ajiye a ƙasan firji."

"Ɗana, ƙanƙara ba ta ƙarya. Ruwa ya daskare a ciki, ya yayyaga shi. Ko gobe ka dawo nan, abin da za mu gani ke nan."

Da na dawo, na tarar da Umma a barandar asibiti, kan tabarma, da carbi.

"Umma, kin taɓa kwalbar nan?"

"Ai dole! Duk bokonka, ka ajiye naman ɗiyata kusa da tumatir? In aka ɗauke wuta fa? Sama na mai da shi, inda ake ajiye nama. Kafin ka tashi na sauko da shi ya saki." Ta gyara mayafi. "Me suka gani?"

Na dubi hannunta. Wata biyar da shi take matsa ƙafafun Auta.

"Injinsu ne ya lalace."

"Sakarkaru," ta ce.

Ta taga na hango Auta. Idanunta sun kusa rufewa don kumburi. Ta ɗaga min yatsu biyu.

Na wuce ofishin likita, na shiga, na rufe ƙofa.

"A sake ɗiba," na ce. "Ni zan sa hannu, ni zan ba da jini. Kwalbar a wajena za ta zauna. A wajen Umma kuwa, injin ne ya lalace, har abada."